Hannun Wane Ne Wannan? Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ɗinka Abin da Muke Kira "Ni"

Wata Talata cikin watan Janairu, ina zaune a ɗakin karatu na jami'armu a nan Birtaniya, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga gida. Duk wanda ke zaune a ƙasar waje ya san yadda gaba ke faɗuwa idan kira ya shigo a lokacin da ba a saba ba. Ya ce Baba ya faɗi a shago da safe, an kai shi asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Ya ce yana magana, yana gane mutane, in kwantar da hankalina.

Bayan kwana uku aka haɗa ni da shi ta bidiyo. Na gaishe shi, ya amsa da sunan da yake kirana da shi tun ina jaririya, "Uwata", domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Muryar tasa ce, barkwancin ma nasa ne, har da tambayata ko sanyin Turawa bai ƙarar da ni ba. Can sai ya dubi gefen gado, ya ɓata rai, ya ce: "Ku ɗauke mini hannun yaron nan, ya yi mini nauyi."

Umma ta ce, "Malam, ai hannunka ne."

"Nawa ga shi nan," in ji Baba, ya ɗaga na dama. "Wannan na yaron nan ne. Jiya da ya kwana a nan ya bar shi."

Yaron da ake magana a kai, wato ƙanena, yana tsaye a gaban gadon, hannayensa biyu riƙe da wayar.

Baba tela ne. Shekara arba'in hannun nan na hagu yana lallaɓa yadi a ƙarƙashin allura, har ya fi ido sanin inda ɗinki zai karkace. Ga shi yau mai shi yana kallonsa kamar kayan da baƙo ya manta. Gwaggo ta ce shafar iska ce, a nemo malami. Umma ta yi shiru, ta san idan ta buɗe baki kuka ne zai fito. Ni kuwa da nake digiri na uku a fannin nazarin ƙwaƙwalwa, na san sunan abin, na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Sai dai littafi bai gaya mini yadda ake ji idan mahaifinka ne ba.

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya. Idan mutum zai iya rasa sanin cewa hannunsa nasa ne alhali yana cikin hayyacinsa, to wane ne yake gaya mana kullum cewa namu namu ne?

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Bahaushe ya riga masana zuwa bakin wannan rijiyar. Kalmar da muke kiran abin da ke saman wuya da ita, da ita muke nufin mutum shi da kansa: ni kaina, ke kanki, ya san kansa, ya cuci kansa. Kai ne mazaunin ƙwaƙwalwa, kai ne kuma mutum.

Abin da ke cikin ƙoƙon kan nan bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, yana kuma cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, duk da cewa nauyinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba. An daɗe ana laluben ɗakin da "ni" ke zaune a cikinsa, kamar sarki a fada yana karɓar rahoton ido da kunne yana ba da umarni. Ba a sami ɗakin ba. Abin da aka samu shi ne ayyuka daban-daban a wurare daban-daban: wani yana lura da iyakar jiki, wani yana ajiye abin da ya wuce, wani yana ƙulla labari, wani yana auna yadda mutane ke kallonmu. Ƙwaƙwalwa ke haɗa su kowace daƙiƙa, kuma ta ƙware har ba ma ganin sawun ɗinkin. Sai zare ɗaya ya tsinke muke gane ashe rigar ƙyalle-ƙyalle ce aka haɗa.

Zare na farko: jiki

A 1998 wasu masu bincike biyu a Amurka, Matthew Botvinick da Jonathan Cohen, suka wallafa wani gwaji da ko a falo ana iya yin sa. Mutum zai zauna ya ɗora hannunsa na hagu a kan tebur, a sa allo a kare hannun yadda ba zai gan shi ba, a ajiye hannun roba a gabansa. Sai a ɗauki ƙananan buroshi biyu, a riƙa shafa hannun gaske da na robar lokaci guda, wuri guda. Ba a daɗewa mutane da yawa sukan fara jin shafar a jikin robar, su ji kamar hannun nasu ne. Masu bincike na baya sun gwada kai wa robar farmaki, suka ga jikin mutum ya razana, fatarsa ta tsatso gumi. Idan kuwa aka saɓa lokacin shafar, wannan kafin wancan, ruɗin ba ya kamawa.

Abin da gwajin ya nuna shi ne, jin cewa jikinka naka ne hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa bisa shaidu. Ido ya kawo nasa bayani, fata ta kawo nata, gaɓɓai su faɗi inda suke. Idan bakinsu ya zo ɗaya, sai ta ce: nawa ne. Ana iya yi mata shaidar zur ta karɓi roba. Takan kuma riƙe abin da babu shi: yawancin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar, har da ƙaiƙayi ko ciwo a yatsun da aka daɗe da binnewa. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ya yi rubutu a kan haka bayan yaƙin basasar ƙasar, daga abin da ya gani a jikin sojoji.

Har wurin da kake jin kana zaune, wato cikin jikinka, a bayan idanunka, shi ma aikin ƙwaƙwalwa ne. A 2002 likita Olaf Blanke da abokan aikinsa a ƙasar Suwizalan suka ba da labarin wata mata mai farfaɗiya da aka sa wa ƙananan wayoyi a ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa. Da aka tura ɗan lantarki kaɗan a wani wuri da ke sama da kunnen dama ta baya, sai ta ce tana ganin kanta daga sama, kwance a kan gado. Aka kashe lantarkin, ta dawo jikinta.

Wannan ɓarin na dama shi ne shanyewar ta taɓa wa Baba. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke kula da hagun jiki, na hagu kuma ya kula da dama. Tun 1914 likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana marasa lafiya da ɓarinsu na hagu ya shanye amma suna musun cewa wani abu ya same su, ya raɗa wa yanayin suna anosognosiya. Na Baba mataki ne na gaba, inda mutum ke cewa gaɓar ma ba tasa ba ce. Hannun ya daina aiko da saƙo, wurin da ya kamata ya lura da shirun shi ma ya ji rauni, sai ƙwaƙwalwa ta cire hannun daga lissafi.

Kusan shekara dubu da ta wuce, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo wani misali. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, cikakke, yana shawagi a sararin sama, an rufe masa ido, gaɓɓansa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai daga waje. Shin zai san cewa akwai shi? Ibn Sina ya ce zai sani. Masanin ƙwaƙwalwa na yau zai ƙara da cewa mutumin nan bai rabu da saƙon cikin jikinsa ba: bugun zuciya, numfashi, yunwa, ɗumi. Wani sashe da ake kira insula yana karɓar waɗannan ba dare ba rana, kuma masana da dama na ganin su ne harsashin jin cewa "ina nan". Da masu iya magana suka ce jiki magayi, sun faɗi fiye da abin da suka nufa.

Zare na biyu: mai ba da labari

Abin da ya fi ɗaure wa Umma kai shi ne hujjar da Baba ya kawo. Bai ce "ban sani ba". Ya kawo labari cikakke, da wanda ya bar hannun da ranar da ya bar shi. Baba kuwa mutum ne da ko a kan kuɗin ɗinki ba ya ƙarya.

Amsar tana cikin binciken da Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka fara a shekarun 1960 a Kalifoniya. Akwai masu farfaɗiya mai tsanani da likitoci suka yanke wa gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, don hana ciwon tsallakawa. Bayan tiyatar, abin da aka nuna wa ɓari ɗaya ba ya isa ɗayan. A wani gwaji da Gazzaniga ya yi daga baya, an nuna wa ɓarin hagu na wani mara lafiya hoton ƙafar kaza, na dama kuma aka nuna masa gida cikin dusar ƙanƙara, aka ce ya zaɓi hotunan da suka dace da abin da ya gani. Hannun dama ya nuna kaza. Hannun hagu ya nuna shebur, abin kwashe ƙanƙara. Aka tambaye shi dalili. A mafi yawan mutane ɓarin hagu ne ke magana, kuma shi bai ga ƙanƙarar ba sam. Amma ko jim bai yi ba, ya ce ƙafar kaza ta dace da kaza, shebur kuma na share akurkin kaji ne.

Gazzaniga ya kira wannan aiki na ɓarin hagu da tafinta. Aikinsa ya dubi abin da jiki ya aikata ya ƙulla masa dalili, ko yana da cikakken bayani ko ba shi da shi. Tafintan Baba ya ga hannu a kan gado, bai sami saƙon cewa nasa ne ba, ya tuna yaro ya kwana a ɗakin, ya haɗa lissafi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan na marasa lafiya ne kawai. Duk muna da tafintan nan. Shi ne yake gaya maka ka yi wa abokin zamanka tsawa ne don ya bar kwano a wurin wanke-wanke, alhali kwana uku ba ka yi barcin kirki ba, ga kuɗin haya ya ƙarato. Shi ne kuma yake tsara maka amsar da kake ba mutane idan sun tambaye ka me ya fitar da kai daga gida, amsar da ke ƙara santsi kowace shekara.

Zare na uku: abin da ya wuce

A 1953, a garin Hartford na Amurka, aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya. Likita William Scoville ya cire masa wani sashe daga kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, har da mafi yawan abin da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar, har ya rasu a 2008, kusan duk wani sabon abu da ya same shi ba ya zama a kansa. Zai yi hira da kai lafiya lau, ka fita ka dawo, sai an sake gabatar da kai. Masaniya Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuyar gaske. Cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, shi kuwa kullum yana ganin yau ya fara.

A Ingila ma akwai Clive Wearing, masanin kiɗa da wata cuta ta kama wa ƙwaƙwalwa a 1985, ta bar shi da tunanin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Yakan rubuta a littafinsa cewa yanzu ne ya farka, can ya soke ya sake rubuta haka. Duk da haka idan ya zauna gaban fiyano yakan kaɗa, idan kuma matarsa Deborah ta shigo yakan tare ta da murnar wanda ya shekara bai ga masoyinsa ba, ko da shayi ta je haɗowa.

Mutanen nan biyu sun rasa zaren da ke haɗa jiya da yau, amma waɗanda suka zauna da su ba su ce babu kowa a ciki ba. Ladabin Molaison yana nan, son Wearing ga matarsa yana nan.

Mu da namu zaren ke nan lafiya, yaushe ake saƙa shi? A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa a birnin St. Louis suka bayyana wani abu da suka lura da shi a na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa. Akwai wasu sassa da kan lafa idan an ba mutum aiki, su farka idan an ce ya kwanta kawai kada ya yi komai. Bincike na baya ya nuna su ne ke aiki idan mutum yana tuna baya, ko hasashen gobe, ko tunanin kansa da na mutanensa. Wato lokacin da kake cikin bas ka jingina da taga, hankalinka ya tafi tsakar gidanku, ya dawo kan jarrabawar mako mai zuwa, ya koma kan maganar da wani ya faɗa maka bara, ƙwaƙwalwarka ba zaman banza take ba. Labarinka take gyarawa, tana haɗa wanda ka kasance da wanda kake son zama.

Zare na huɗu: mutane da harshe

Jariri ba ya zuwa duniya da sanin fuskarsa. Akwai gwajin da aka daɗe ana yi: a shafa wa yaro ɗigon janbaki a fuska ba da saninsa ba, a kai shi gaban madubi. Idan ya kai hannu fuskarsa, an ce ya gane kansa. A ƙasashen Turai da Amurka yawancin yara kan fara haka tsakanin wata 18 da 24.

Sai dai a 2004 Heidi Keller da abokan aikinta suka wallafa nazarin da ya kwatanta yara 'yan wata 18 zuwa 20 daga birnin Girka, da Kosta Rika, da ƙauyukan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru. Yaran Girka sun riga sauran gane kansu a madubi. Yaran Nso kuwa sun riga sauran iya kame kai da bin umarnin babba. Masu binciken sun danganta bambancin da salon reno: a can uwa na yawan kallon jariri ido cikin ido tana nuna masa kayan wasa, a nan kuwa yaro yana jikin mutane ne kullum, daga bayan wannan zuwa cinyar wancan. Duk wanda ya tashi a goye zai gane hoton. Akwai "ni" da ake fara koya ta madubi, akwai wanda ake fara koya ta fuskokin mutane.

Mu namu mai yawan mutane ne. A gida ni "Uwata" ce a wurin Baba, "Yaya" a wurin ƙannena, 'yar gidan tela a unguwa. Umma ba ta taɓa kiran sunan yayanmu na fari ba, saboda alkunya. Kowace gaisuwa, kowane durƙuso, kowane "ina gajiya" yana sake gaya wa ƙwaƙwalwa matsayinta. Ranar da ka sauka a Landan ko Jidda ko Alƙahira, wannan shaidar takan yanke gaba ɗaya. Ka zama lambar ɗalibi, ko sunan da ba a iya furtawa daidai.

Harshe ma yana ciki. A 2000 Viorica Marian da Ulric Neisser suka yi nazari a kan mutanen da suka tashi da Rashanci sannan suka yi ƙaura zuwa Amurka. Idan an yi musu tambayoyi da Rashanci, sun fi tuno abubuwan da suka faru a zamanin rayuwarsu ta Rashanci. Idan an yi da Ingilishi, sai na zamanin Ingilishi su fi fitowa. Kowane harshe yana riƙe da makullin ɗakinsa. Shi ya sa za ka wuni kana Turanci ko Larabci ko Faransanci kana jin kanka wani mutum mai tsare gida, da yamma ka kira gida, kafin a gama gaisuwa dariyarka ta canza.

A damina ta farko, ko in ce hunturuna na farko a nan, domin ruwa da sanyin tare suke zuwa, na yi kusan mako biyu ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, barci ya ƙaurace mini. Wata safiya ina wanke fuska na ɗaga kai na dubi madubi, sai na ji kamar wata nake kallo. Na san ni ce, amma jin hakan ya ɗauke, kamar an sa gilashi tsakanina da kaina. Na tsorata, ban kuma gaya wa kowa ba, don ina gudun a ce na taɓu. Daga baya na gane likitoci sun san wannan yanayi sarai, kuma mutane da yawa kan ɗanɗana shi na ɗan lokaci, musamman cikin gajiya, firgici, kaɗaici ko rashin barci. Nawa ya wuce da na gyara barcina, na kuma sami wasu 'yan uwa daga Kumasi da Maraɗi da muke haɗuwa ranar Asabar mu tuƙa tuwo. Idan irin wannan ya daɗe wa mutum, ko ya hana shi karatu da aiki, likita ya kamata ya gani, kuma babu abin kunya a ciki.

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai abin da na gani shi ne gida yana nan a cikin kai, sai dai yana buƙatar mai buɗe shi.

Zaren da ya fi tsada

To cikin zarurrukan nan, wanne ne idan ya tsinke mutane ke cewa wane ya tafi?

A ranar 13 ga Satumba, 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu ta fita ta saman kai. Bai mutu ba. Yana magana, yana tafiya, ya san mutanensa. Amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon amana ya koma mai ashar, mara haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya, har abokansa suka ce wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne.

A 2015 Nina Strohminger da Shaun Nichols suka tambayi iyalan masu fama da cututtukan ƙwaƙwalwa iri uku, har da cutar mantuwa ta Alzheimer, ko suna jin mara lafiyarsu shi ne dai wanda suka sani. Abin da ya fi sa iyali su ji mutum ya zama baƙo shi ne canjin ɗabi'a: gaskiya, tausayi, amana, kunya. Mantuwa ita kaɗai ba ta kai nan ba. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, shi da ma da hali yake auna mutum, in ya yaba ya ce mutumin kirki ne.

Sai dai karin maganar nan ta hali zanen dutse tana buƙatar gyara ta fuska biyu. Ciwo na iya kankare zanen, don haka dattijon da ya fara zagi ko rowa ko zargin iyalinsa bayan shekara sittin na mutunci, a fara kai shi asibiti kafin a yanke masa hukunci. Ana kuma iya sake zana shi. Gage ɗin nan daga baya ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja, aikin da ke buƙatar tsari da iya hulɗa da jama'a, abin da ya sa masu nazarin tarihinsa ke ganin ya farfaɗo sosai kafin rasuwarsa a 1860.

Na san akwai mai tambaya: to ina ruhi a duk wannan? Wani ɗan uwa ya taɓa tsare ni da ita a wurin tuwonmu na Asabar. Na ce masa na'urorinmu suna auna jini da lantarki ne, suna nuna wane sashe ke aiki idan mutum ya ji kaza, da abin da ke lalacewa idan sashen ya ji rauni. Dalilin da ya sa wannan aiki na nama da jijiya yake zuwa da ji, har a sami wani a ciki da yake ɗanɗana zafi da daɗi, tambaya ce da masana kimiyyar kansu ke ta muhawara a kai. Sanin yadda keken ɗinki ke aiki bai hana kowa imaninsa ba.

Hannun ya dawo

Ban yi musu da Gwaggo ba. Malam ya zo ya yi addu'a, Baba ya ji daɗinta, mu ma muka ji. Abin da na roƙa shi ne kada a fasa magani da gashin ƙashi, kuma a daina jayayya da shi a kan hannun, domin gardama ba ta gyara jijiya, ɓacin rai kawai take ƙarawa. Na ce a riƙa zama ta gefensa na hagu, a riƙa shafa hannun yana kallo. Na kuma sa ƙannena suka haddace alamun da ba a jira da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko mutum ya rikice farat ɗaya. Asibiti ake nufa a lokacin, domin maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin sa'o'in farko kawai. Mu da ke waje muna tura kuɗin Sallah da na makaranta, ya kamata mu riƙa tambayar yaushe rabon da a auna hawan jinin iyayenmu. Ni ban tambaya ba sai da abin ya faru.

Musun gaɓa irin na Baba yakan lafa cikin kwanaki ko makonni, haka nasa ma ya yi. A mako na uku ya daina cewa na yaron ne, ya koma kiransa "abin nan". Wata ranar Juma'a ƙanena ya kawo wani guntun shadda daga shago ya shimfiɗa masa a cinya, ya ɗora hannun a kai. Ina kallo ta waya. Yatsun ba su motsa sosai ba, babban yatsa ne kawai ya ɗan goga yadin. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Uwata," ya ce, "hannun nan nawa ne. Lalaci ya koya."

Har yau bai koma kan keke ba, wataƙila ma ba zai koma ba. Yana zama a ƙofar shago, yaransa na kawo masa ɗinki yana dubawa, ya mayar da wanda ya karkace. Jiya da na kira, ya ce in riƙa cin abinci, in kuma daina magana kamar mai karanta labarai. Na ce to, Baba.